Baƙin Hayaƙin Man Gas: Yadda Masana Ke Auna Shi da Yadda Suke Rage Shi

Gabatarwa

Titin Zariya shi ne babbar ƙofar shiga Kano ga wanda ya fito daga Kaduna ko Abuja ko kudancin ƙasar nan, kuma kafin ya kai matafiyi tsakiyar gari sai ya ratsa Ƙaramar Hukumar Tarauni, tun daga Unguwa Uku har zuwa Gyadi-Gyadi. A wannan ɗan tsakani akwai tashar mota ta Unguwa Uku, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa a shekarar 1988, da makarantu, da bankuna, da gidajen mai, da dubban gidajen jama'a. Daga gabas kuma ga Hotoro, inda depo ɗin mai yake. Manyan bas-bas da tifofi da tankokin mai da ke zirga-zirga a wannan yanki, da manyan janaretocin da ke ruri a bayan bankuna da asibitoci da ƙarƙashin turakun wayar salula, da injinan niƙa na cikin unguwa, galibinsu abinci ɗaya suke ci, wato man dizal, wanda aka fi sani da man gas a bakin direbobi da makanikai.

Sanin kowa ne cewa in tifa ta ɗauko yashi ta tashi daga tsaye, takan bar wa na bayanta gajimaren baƙin hayaƙi. Mutane sukan toshe hanci su wuce, a ɗauka cewa haka halin inji yake. To, amma masana kimiyya sun shafe shekaru da dama suna bin diddigin wannan hayaƙi, suna tara shi, suna ɗora shi a kan sikeli, suna neman hanyar kashe kaifinsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da suka gano, da yadda suke gudanar da gwaje-gwajensu, da kuma inda Nijeriya ta kwana a wannan tafiya.

Yadda Injin Dizal Ke Aiki

Wani injiniya Bajamushe mai suna Rudolf Diesel, wanda aka haifa a birnin Faris a 1858, shi ne ya ƙirƙiro wannan inji, kuma a 1897 ya samu nasarar haɗa wanda ya yi aiki sosai a garin Augsburg na ƙasar Jamus. Bambancinsa da injin fetur a wajen kunna wuta yake. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Shi kuwa injin dizal ba shi da fulogin ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, sai fistan ya matse ta cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 15 ko 20 na girmanta na farko. Wannan matsi yakan sa zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai wannan lokaci ne nozul ke fesa mai, shi kuwa man da ya faɗa cikin wannan zafi sai ya kama da wuta da kansa, ya tunkuɗa fistan ƙasa.

Wannan dabara ita ta sa injin dizal ya fi na fetur tattalin mai da ƙarfin jan kaya, shi ya sa manyan motoci da jiragen ƙasa da na ruwa suka dogara a kansa. Amma a nan ne kuma matsalar take. Man da aka fesa ba ya samun isasshen lokacin da zai gauraya da iska, domin abin duka cikin ƙiftawar ido yake faruwa. Saboda haka a cikin silinda ɗaya sai a sami wani gefe da mai ya yi yawa iska ta yi ƙaranci, da wani gefe da iska ta wadata zafi ya yi tsanani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gefuna biyu yana haifar da irin tasa gubar.

Abin da Ke Cikin Hayaƙin

Man dizal haɗi ne na sinadarai biyu, kabon da haidirojin. Da a ce zai ƙone ƙurmus, da tururin ruwa da iskar kabon dayokzaid kawai za su fito ta salansa. Kowace lita ɗaya ta man gas da aka ƙona tana fitar da fiye da kilo biyu da rabi na wannan iska, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumamar duniya. Sai dai ƙonuwar ba ta cika, don haka akwai wasu abubuwa huɗu da masu bincike suka fi sa wa ido.

Na farko shi ne kunkunniya, wato ƙananan ɓurɓushin kabon da ke samuwa a inda iska ta yi ƙaranci, su ne kuma ke ba hayaƙin baƙin launinsa. Ana auna girmansu da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikuron 70, su kuwa ɓurɓushin da masana ke kira PM2.5 ba su wuce maikuron biyu da rabi ba, kuma yawancin na injin dizal ba su ma kai maikuron ɗaya ba. Na biyu shi ne iskar naitirojin okzaid, wadda ake taƙaita sunanta da NOx. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda ba ta cutar da kowa, amma tsananin zafin cikin silinda yakan tilasta mata haɗuwa da oksijin, ta rikiɗe ta zama guba mai ƙona hanyoyin numfashi. Na uku shi ne kabon monokzaid tare da ragowar man da bai ƙone ba. Na huɗu kuwa shi ne farar wuta, wadda ke zuwa tun daga ɗanyen mai. In ta ƙone sai ta zama iskar da ke haɗuwa da laima ta koma asid.

Launin hayaƙi ma yana magana, kuma gogaggen makanike yana jin yarensa. Baƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iska. Shuɗi yana nufin baƙin mai na tsallakawa cikin silinda yana ƙonewa, alamar zobban fistan sun cinye. Fari kuwa, in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, yana nuna mai na fita bai ƙone ba, ko kuma ruwa na shiga silinda. Abin lura shi ne, iskar NOx da mafi ƙanƙantar ɓurɓushi ido ba ya ganin su, saboda haka rashin ganin hayaƙi ba shaidar tsabta ba ce.

Illarsa ga Lafiya

Gashin hanci da majinar maƙogwaro suna tare manyan ƙura, amma ƙananan ɓurɓushi sukan wuce su, su gangara har cikin ƙananan jakunkunan huhu inda jini ke karɓar oksijin. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta su da tashin ciwon asma, da cututtukan huhu, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Yara sun fi shiga haɗari, domin huhunsu bai gama girma ba, suna numfashi da sauri fiye da manya, ga shi kuma hancinsu ya fi kusa da tsayin salansa.

Ta yaya aka tabbatar cewa hayaƙin dizal ne da kansa ke jawo cuta, tun da iskar gari cike take da hayaƙi iri-iri? Masana a Amurka sun nemi wurin da babu wani hayaƙi sai shi, suka same shi a ƙarƙashin ƙasa. Sun bi tarihin lafiyar ma'aikata fiye da 12,000 a mahaƙan ma'adinai takwas, irin su na gishiri da farar ƙasa, inda injinan dizal ke aiki cikin rami. Sun gano cewa waɗanda suka fi shaƙar hayaƙin sun ninka waɗanda suka fi ƙarancin shaƙarsa kusan sau uku wajen haɗarin mutuwa da sankarar huhu, ko bayan an cire tasirin shan taba a lissafi. Wannan bincike na daga cikin hujjojin da suka sa cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara a watan Yunin 2012.

A nan gida, wani binciken Bankin Duniya da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓacewar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a cikin shekarar 2018 kaɗai, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya lissafa motoci da janaretoci cikin manyan masu laifi. Kano ba ta da teku, amma tana da motocin, tana da janaretocin, ga kuma ƙurar hunturu a kai.

Yadda Ake Gwada Inji

Likita ba ya ba da magani sai ya auna majiyyaci, haka ma injiniya. Gwaji mafi sauƙi shi ne na duhun hayaƙi. Akan zura tiyo cikin salansa a jawo hayaƙin zuwa wani bututu mai fitila a baki ɗaya da na'urar auna haske a ɗaya bakin. Direba ya taka totur har ƙasa, na'ura kuma ta faɗi kashi nawa cikin ɗari na hasken hayaƙin ya tare. Wannan shi ne irin gwajin da ake yi a tashoshin duba lafiyar motoci a ƙasashe da yawa.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, akan ɗaure injin a kan wata na'ura mai suna dainamomita, wadda aikinta shi ne ta riƙe injin ta wahalar da shi, kamar dai yana jan kaya a kan hawa. Idan mota ce sukutum, sai a ɗora tayoyinta a kan wasu manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, ta yi ta gudu alhali tana wuri ɗaya. Direban gwaji yana bin wani tsararren jadawali na tashi da gudu da birki da tsayawa, wanda ba a sauya shi, domin a iya kwatanta wannan mota da waccan. Hayaƙin da ya fito akan gauraya shi da tsabtatacciyar iska a cikin dogon bututu, a ratsa wani kaso nasa ta cikin takardar tata wadda aka auna nauyinta tun farko. Bayan gwaji sai a sake auna ta a kan sikelin da ke iya gane kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Bambancin nauyin nan shi ne kunkunniyar. Wasu na'urorin kuma suna auna kowace iska daban.

Da irin waɗannan alƙaluma ne ƙasashen Turai suka kafa ƙa'idojinsu da ake kira Euro, waɗanda suka fara aiki a 1992. A matakin farko an yarda babban injin mota ya fitar da giram 8 na NOx da giram 0.36 na ɓurɓushi a kan kowane kilowat na aikin awa ɗaya. A mataki na shida, wanda ya fara aiki a 2013, adadin ya koma giram 0.4 da giram 0.01. Ke nan a cikin shekara ashirin da 'yan kai an rage NOx da kashi 95 cikin ɗari, ɓurɓushi kuma da kashi 97.

Darasi Daga Badaƙalar Volkswagen

Ɗalibin da ya san tambayoyin jarrabawa tun kafin a shiga aji zai ci, ko da bai iya karatun ba. Irin wannan ta faru a duniyar motoci. A 2013 wasu 'yan tsirarun masu bincike na Jami'ar West Virginia ta Amurka suka ɗora ƙaramar na'urar auna hayaƙi a but ɗin motocin dizal uku, biyu na kamfanin Volkswagen, ɗaya ta BMW, suka hau titi da su kamar kowane direba. Motar BMW ta yi kusan daidai da abin da aka sani, wanda ya nuna na'urarsu lafiya lau take. Amma ɗaya daga motocin Volkswagen ta riƙa fitar da NOx ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda, alhali a ɗakin gwaji tana cin jarrabawa. Suka fitar da rahotonsu a 2014. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sa wa kwamfutar motocin wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwaji, ta kunna na'urorin tace hayaƙi sosai, in an koma titi kuma ta sassauta su. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya.

Tun daga watan Satumban 2017 Tarayyar Turai ta wajabta gwada sababbin motoci a kan titi, ban da na ɗakin gwaji. Darasin da ɗalibin kimiyya zai ɗauka shi ne, sakamako ba ya zama abin dogaro sai wani mai zaman kansa ya maimaita gwajin a wani yanayi daban ya sami abu ɗaya.

Dabarun Rage Hayaƙi

Babban ƙalubalen injiniyoyi shi ne, kunkunniya da NOx kamar sikeli suke, in ɗaya ya sauka sai ɗaya ya hau. In an ƙara zafin ƙonuwa don kunkunniya ta ƙone, NOx ya ƙaru. In an rage zafin don maganin NOx, kunkunniya ta ƙaru. Saboda haka aka ɓullo wa abin ta hanyoyi da yawa a lokaci guda.

A cikin injin, an inganta feshin mai. Injinan zamani, waɗanda suka fara shiga ƙananan motoci a 1997, suna tara mai a bututu ɗaya ƙarƙashin matsin da a yau kan kai ninki 2,000 na matsin iskar sarari, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe nozul sau da yawa a kowane bugu, man ya fita kamar hazo ya gauraya da iska da wuri. Haka kuma akan mayar da wani kaso na hayaƙin cikin silinda bayan an sanyaya shi, domin ya rage zafin wutar, NOx ya ragu.

A cikin salansa kuwa akwai matakai uku. Na farko wani dutse ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarfe mai daraja irin su filatinam. Shi ne makanikanmu ke kira indomi, kuma aikinsa ƙarasa ƙona kabon monokzaid da ragowar mai. Na biyu matatar kunkunniya ce, wadda aka toshe bakin ramukanta bi da bi, ta yadda dole hayaƙi ya ratsa ta jikin bango ya bar ɓurɓushinsa a baya. Tana kama fiye da kashi 95 cikin ɗari, kuma in ta cika sai injin ya ɗaga zafinta zuwa kimanin digiri 600 ya ƙone abin da ta tara. Na uku shi ne fesa wani ruwa mai suna AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari nasa yuriya ce, sinadarin nan da manoma suka sani a taki, sai dai wannan tatacciya ce ƙwarai, saura kuma tsabtataccen ruwa. Zafin salansa yana mai da yuriyar ta zama amoniya, ita kuma ta warware NOx ya koma naitirojin da tururin ruwa.

Farar Wuta: Inda Gizo Ke Saƙa

Duk waɗannan na'urori suna da abokin gaba guda, shi ne farar wuta. Tana lulluɓe filatinam ta kashe shi, tana kuma ƙara yawan ɓurɓushin da ke toshe matata. Shi ya sa Turai ta rage ta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka kuma kashi 15 tun 2006. Nijeriya kuwa ta daɗe tana amincewa da har kashi 3,000 cikin miliyan.

Bari mu yi ɗan lissafi. Tankar mai mai ɗaukar lita 33,000 tana ɗauke da kimanin tan 28 na man gas. In man mai kashi 3,000 ne, akwai farar wuta kusan kilo 83 a cikinta, wato fiye da buhun siminti ɗaya da rabi. In mai kashi 50 ne, ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba.

A watan Satumban 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da sakamakon gwajin man da ta saya a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas. A Mali ta sami man gas mai farar wuta ninki 378 na ƙa'idar Turai, kuma ta nuna cewa wani kaso mai yawa na irin wannan mai a tashoshin ruwan Turai ake haɗa shi musamman don kasuwar Afirka ta Yamma. A watan Disambar wannan shekara, lokacin da Amina Mohammed ke ministar muhalli, Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su koma kashi 50. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da sabuwar ƙa'idar a 2017, amma aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu da kashi 50 ga yankin baki ɗaya, tare da ƙa'idar Euro mataki na huɗu ga motocin da za a shigo da su. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ita ma ta ɗora wannan sharaɗi a kan man da ake shigowa da shi.

Maganar ta sake tasowa a watan Yulin 2024, watanni kaɗan bayan matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da man gas, sa'ad da aka yi musayar yawu tsakaninta da hukumar kula da harkar mai a kan wane mai ne ya fi farar wuta. Da 'yan Majalisar Wakilai suka ziyarci matatar, an gwada samfura a ɗakin gwajinta a gabansu. Nata ya nuna ƙasa da kashi 100, biyun da aka sayo daga gidajen mai kuma suka haura 1,800. Ko da yake mai ɗaki ne ya yi gwajin a ɗakinsa, lamarin ya nuna wa jama'a cewa irin wannan gardama na'ura ce ke raba ta, kuma ƙasa na bukatar ɗakunan gwaji masu zaman kansu da kowa zai yarda da su.

Wannan batu ya shafi titin Zariya kai tsaye. Yawancin motocinmu na hannu ne, 'yan Kwatano. Motar da ta zo da matatarta lafiya, in ta sha mai mai yawan farar wuta sai matatar ta toshe, ƙarfin mota ya ragu, makanike kuma ya fasa ta ya zubar, ko a cire indomin a sayar saboda ƙarfen da ke jikinsa. Daga ranar motar ta koma hayaƙin injinan da.

Daga Gyaɗa Zuwa Bini-da-zugu

A baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900 an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, shekara goma sha biyu kafin jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗar Kano zuwa bakin teku. Tunanin bai mutu ba. Man tsirrai ya fi man gas kauri, yana toshe nozul, amma in an dafa shi da sinadarin metanol da 'yar soda sai ya rabu biyu: gilisarin ya kwanta a ƙasa, mai mara kauri da ake kira bayodizal ya taso sama. Kusan babu farar wuta a cikinsa, kuma yana ɗauke da oksijin a jikinsa, wanda ke taimaka wa ƙonuwa.

Wani nazari da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi a 2002 ya nuna cewa in an zuba kashi 20 na bayodizal cikin kashi 80 na man gas, ɓurɓushi na raguwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kabon monokzaid da kashi 11, amma NOx na ƙaruwa da kashi 2. Ke nan sauƙi ne, ba waraka ba. Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai a 2007, kuma masu bincike a jami'o'in Arewa, ciki har da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi gwaje-gwaje a kan man bini-da-zugu da na 'ya'yan darbejiya. Hikimar zaɓen waɗannan ita ce ba a cin su, don haka inji ba zai yi gogayya da tukunya ba.

Wata hanyar kuma ita ce rage dogaro da man gas ɗin gaba ɗaya. A watan Satumban 2019 aka ƙaddamar da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa hasken rana da batura da injinan ko-ta-kwana. A 2020 kuma aka fara shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano. Iskar gas ba ta yin kunkunniya irin ta man gas.

Abin da Ke Hannunmu

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin injinan fetur da na dizal tun 2011. Amma kafin jami'i ya zo da na'ura, akwai abin da mai mota da mai janareta za su iya yi, kuma yanayin Kano ya ƙara wajabta shi. Kano tana bisa tudun da ya kusa mita 500 daga doron teku, abin da ke rage nauyin iska da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Zafin bazara na digiri 40 kuma ya sake rage wani kashi 5 in an kwatanta da digiri 25. Injin da aka saita a wata ƙasa mai sanyi yana samun ƙarancin oksijin a nan. In ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, abin ya ƙara muni. Sauya matatar iska a kan kari, da kai nozul da famfon injekta wurin masu saiti, da daina buɗe famfon don neman ƙarin ƙarfi, da guje wa lodin da ya wuce kima, da kashe inji a tasha maimakon barin sa yana ruri, duk suna rage hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai ne da aka saya da kuɗi ya fita bai yi aiki ba. Janareta kuwa a nisanta shi da taga, a ɗaga salansarsa sama da rufi.

Gwaji Don Ɗalibai

Kulob ɗin kimiyya na kowace sakandare zai iya fara nasa binciken. A yanka fararen kwalaye masu girma ɗaya, a zana murabba'i mai santimita biyar a kowanne, a shafa masa basilin sama-sama. A rataye wasu a katangar da ke fuskantar babban titi, wasu a lungu mai nisan mita 100, wasu mita 300, duka a tsayi ɗaya kuma inda rana ba za ta narkar da basilin ba. A rufe guda a cikin ambulan domin ya zama abin kwatance. Bayan kwana bakwai a duba su da gilashin ƙara girma, a ƙirga ɗigogi, a rarrabe baƙaƙe da jajayen ƙura. A lokaci guda wasu ɗalibai, tare da malaminsu kuma nesa da bakin kwalta, su ƙirga manyan motocin da ke wucewa cikin minti 15 da safe da rana da yamma, su rubuta nawa ne ke fitar da hayaƙin da ido ke gani. A maimaita da damina da hunturu. A tuna cewa basilin manyan ɓurɓushi kawai yake kamawa, don haka sakamakon manuniya ce. Faɗin iyakar gwaji wani ɓangare ne na rahoton kimiyya.

Kammalawa

Tarihin wannan bincike ya nuna cewa matakan a jere suke, kuma ba a tsallake ɗaya: tsabtataccen mai tukuna, sa'an nan injin da ke da na'urorin tacewa, sa'an nan gyara a kan kari, sa'an nan gwajin da ba a san ranar zuwansa ba. Ilimin yin haka yana nan a rubuce, an kuma gwada shi ya yi aiki a wasu ƙasashe. Abin da Kano ke bukata shi ne masu auna mai a gidan mai, da masu auna hayaƙi a tasha, da masu auna iska a ƙofar makaranta da asibiti, su riƙa bayyana alƙaluman ga jama'a. Waɗannan ma'aikata, injiniyoyi da masana sinadarai da likitocin huhu, daga azuzuwan sakandare na yau za su fito.